Ƙunshin Iya Delou

Da la'asar aka tsinci Iya Delou a bayan gida, jingine da tankin ruwa, takalmanta a ƙafa, ɗankwalinta a ɗaure tsaf, rana ta riga ta gama da ita. Tsakiyar bazarar Riyadh ce, lokacin da ko kyanwa ba ta yarda ta taka daɓe da rana. Likita ya duba ya ce zafi ne ya kashe ta. 'Yan shurɗa, wato 'yan sandan ƙasar, suka leƙa, suka yi 'yan tambayoyinsu, suka ce idan dangi suna da ƙara to ƙofarsu a buɗe take.

Gidan yana wani lungu a Al-Suwaidi, Hausawa na kiransa Gidan Iyaye. Hajiya Mariamou, mutuniyar Maraɗi, ita ta buɗe shi domin tsofaffin da 'ya'yansu ke fita aiki tun asuba, ba mai zama da su. Iya Delou na cikin waɗanda hankalinsu ya fara gushewa. In ta ga ƙofa a buɗe sai ta kama hanya, ta ce za ta rijiya.

Kafin a idar da sallar gawa magana ta gama zagaya wurin zaman makoki: Zahida, yarinyar da ke aiki a gidan, ita ce ta fitar da shara da azahar, ta bar ƙofar baya a buɗe, tsohuwa ta bi ta fita. Idrisu, ɗan marigayiyar, ya faɗa a gaban kowa cewa ana tashi daga zaman makoki zai kai ƙara.

Musbahu, mahaifin Zahida, yana wurin yana ji. Ya san abin da ƙara take nufi ga mai iƙama, takardar zaman baƙi, irin tasu: a tsare yarinya, a yanke mata hukunci, a ɗora ta a jirgi zuwa Najeriya, ƙasar da ba ta taɓa gani ba sai a waya. A Riyadh aka haife ta, a Riyadh aka binne uwarta, ba ta da kowa a can.

*

Musbahu direban tankar ruwa ne yanzu, amma da can a Maigatari da bin sawu aka san shi. A sace raƙumi ko sa, shi ake nema, ya bi ƙasa da ido har ƙofar ɓarawo. Tun zuwansa Riyadh yake cewa wannan gari ba ya riƙe sawu, ko'ina kwalta ce da tayil, mutum ya wuce kamar bai taɓa wucewa ba.

Ya tarar da Zahida a ɗaki, ko abayarta ba ta cire ba.

"Uwata, faɗa mini yadda aka yi. Kada ki gyara komai."

"Wallahi ya Baba na rufe ƙofar. Na ja ta, na murɗa mabuɗi, na rataye shi a ƙusa. Ana muta'akkida, na tabbata." Idan ranta ya ɓaci Larabci ne ke riga Hausa zuwa bakinta.

"Kafin nan fa?"

"Na yi wa Iya Delou ƙunshi. Ta ce tafin ƙafarta na zafi, lalle ne ke sanyaya mata. Na kwaɓa, na shafa, na naɗe da leda da tsumma. Na ce wa Hajiya a kwance mata in an jima, ni lokacin tashina ya yi."

"Mai ƙunshi a ƙafa ta yi tafiya har tanki?"

"Hajiya ta ce Iya ce ta kwance da kanta, wai kullum haka take yi. An ga ledojin a kan gado."

"Hannu fa? Kin sa mata?"

"La, a'a. Ba ta yarda a ɗaure mata hannu, saboda carbi."

Ya dubi hannuwan 'yarsa, jan lallen yana nan a gefen faratanta.  Ya tashi ya ɗauki hularsa.

*

Hajiya Mariamou ta karɓe shi da ruwan sanyi da dabino. Mace ce kakkaura mai faɗin kafaɗa, ta raini 'ya'yanta da na dangi kafin ta zo rainon tsofaffi. Idanunta sun kumbura.

"Malam Musbahu, ni ba ni da mugun nufi da ɗiyarka. Kuruciya ce. Kowa na mantuwa."

"Haka ne, Hajiya. Ina son in ga ɗakin Iya, in babu damuwa."

An riga an kwashe komai, an goge ƙasa da magani har tana ƙyalli. Zafin ɗakin ya buge shi kamar an buɗe tanda.

"Mukayyif ɗin a kashe yake tunda ba kowa," in ji Hajiya, tana nuna na'urar sanyaya ɗaki da haɓarta.

Da za su fito ya lura da sakata a jikin ƙofar, ta waje. Ya dubi sauran ƙofofin da ke jere, wasu da ita, wasu babu. 

Ya fita bayan gida shi kaɗai. Daɓe ne fes, babu sawun kowa. Amma ƙarƙashin kowace taga ruwan mukayyif yana ɗiga, ya yi wa daɓen koren gansakuka. Ƙarƙashin tagar Iya Delou gansakukar ta bushe ta yi fari tana ɓarewa. Wannan ba bushewar jiya ba ce ko ta shekaranjiya. A igiyar shanya wani shuɗin zani yana rataye shi kaɗai, a jiƙe, kamar yanzu aka sake wanke shi.

Ya dawo ƙofar baya, 'yar siririyar ƙofa mai farin fenti. Ya duba ƙasa bai ga komai ba. Da ya miƙe sai ya ga tabo a jikin dogarin ƙofar, daidai ƙugunsa, ja mai duhu. Ya juya, ga wani a ɗaya gefen, tsayinsu ɗaya. Ya sa hanci. Lalle ne.

Ya daɗe a tsaye. Ya bi sawun dabba da na mutum shekaru masu yawa, bai taɓa ganin ƙafar da ta taka bango ta bar ƙasa ba.

*

Kamil mai gadi Bahaushen Sudan ne, yana zaune a inuwar ƙofar gida da ɗamarar asibiti a ƙugu saboda ciwon baya.

"An ce ba ka wurin da azahar ɗin," in ji Musbahu.

"Wa ya ce? To, na je shan shayi, haram ne? Ni ƙofar gaba aka ba ni, ya akhi, ba ta baya ba. Kowa ya ga baƙo mara dangi sai ya ɗora masa."

"Ban ɗora maka ba. Sakatun da ke waje, na mene ne?"

Kamil ya kalli titi. "Na lokacin ƙailula ne. Masu yawo ana rufe su su yi barci. Hajiya ita kaɗai ke nan da rana, hannu biyu gare ta." Ya sassauta murya. "Kai da kake neman mai laifi, tambayi mai kai ƙarar. Da na dawo daga shayi na ga motarsa a can gindin bango. Ya ce wa mutane yana filin jirgi ranar. Ƙarya yake."

*

Idrisu yana ɗaukar fasinja ne daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Musbahu ya same shi a wurin da direbobi ke jira, yana goge gilashin da ba datti a jikinsa.

"In roƙo ka zo yi, Malam, ka koma. Uwata ce."

"Allah ya jiƙanta. Tambaya na zo yi. Me ya kai motarka ƙofar gidan ranar?"

Tsumman ya tsaya a hannun Idrisu. Musbahu ya riga ya shirya wa faɗa, har a hanya yana saƙa cewa wataƙila ɗa ya gaji da uwa. Sai ya ga mutumin ya zauna a bakin mota kamar an zare masa ƙashi.

"Na je. Na kai mata fura. Ban shiga ba."

"Don me?"

"In na shiga abu ɗaya take tambaya: Idi, yaushe za mu gida? A Maraɗi take son a binne ta. Kullum in ce bayan salla. Ranar na zauna a mota da sanyi a kunne, na kasa fita, na juya na tafi da furar." Ya share fuska da tsumman gilashin. "Tana bayan bangon nan rana na cinta, ni ina shan sanyi."

Musbahu ya gane wannan ba sawun mai kisa ba ne. Mutum ne da ke neman inda zai sauke abin da ya ɗauko, Zahida ce kuma ta fi kusa.

"Ka ba ni zuwa gobe da la'asar," in ji shi. "In ban zo maka da komai ba, ni zan raka ka shurɗa."

*

Da safe ya koma Gidan Iyaye. Tsofaffin sun ƙi zama a falon da ke kallon ƙofar baya. Wata ta ce tun ranar take jin ƙanshin lalle a hanyar. Wata ta ce a tambayi Baba Salissou abin da ya gani, in ana da ƙarfin zuciya.

Baba Salissou tsohon mahauci ne, yanar ido ta rufe masa gani sai dishi-dishi, ɗakinsa na kallon hanyar da ke zuwa ƙofar baya. Ba a sa masa sakata, don ba ya iya tashi.

"Baba, an ce ka ga Iya Delou ta wuce."

"Na gan ta. Na faɗa, sun ce tsufa ne. Yaro, matso." Ya kama hannun Musbahu da yatsu masu sanyi. "Delou guntuwa ce, kowa ya sani. Ranar ta yi tsawo. Kai biyu gare ta, ɗaya a gaba, ɗaya a baya yana lilo. Tana tafe a sunkuye, ba ƙarar takalmi, tana nishi da muryar da ba tata ba. Na yi mata sallama ba ta amsa ba. Na san ba ta cikin duniya tun lokacin."

Musbahu ya zare hannunsa. Ya yi addu'a a ransa, ya yi wa tsohon godiya ya fito. Bai yarda da fatalwa ba, amma ya san makaho ba ya ƙirƙiro nishi.

Ya kai ruwa unguwar Batha kafin azahar, hankalinsa ba ya kan titi. Ya tsaya gaban wani shagon kayan miya na 'yan gida yana jiran a buɗe masa tanki. Wata mata ta zo da goyo a ƙarƙashin abaya, yaron ya yi barci, kansa ya langaɓe baya, ƙafafunsa sun fito ta gefe da gefe. Ƙofar shagon ƙarama ce. Da matar ta shiga, ƙafar yaron ta dama ta goga dogarin ƙofa, ta hagu ta goga ɗayan.

Mai shago sai da ya kira shi ya sake kira kafin ya ji.

Ya bar tankar a nan ya hau tasi. Ya roƙi Kamil ya buɗe masa ɗakin Iya Delou, ya shiga ya tura ƙofar, ya durƙusa ya duba bayanta, can ƙasa inda mai guga ba ya kaiwa in ƙofa na buɗe. Abin da ya gani ya sa ya jima a durƙushe cikin zafin nan. Ya fito ya wuce igiyar shanya, ya sauke shuɗin zanin.

*

Bayan la'asar suka taru a falon: Hajiya Mariamou, Idrisu, Kamil, Zahida a rakuɓe kusa da ƙofa, Baba Salissou a keken guragu, da wasu mata 'yan zaman makoki.

"Ni ba alƙali ba ne," in ji Musbahu. "Ƙasa kawai na iya karantawa, ita ma garin nan ya hana ni. Amma Iya ta bar sawu. Lallen ƙafarta yana jikin ƙofar baya, dama da hagu, daidai ƙugu. Wanda bai gani ba ya je ya gani."

Idrisu ya je ya dawo, bai zauna ba.

"Ba da ƙafarta ta fita ba, ɗaukar ta aka yi. Da a keke aka tura ta, ƙafafun suna gaba. Da namiji ne, a hannu zai tallabe ta, ƙafafun su koma gefe guda. Kamil ma ko buhun shinkafa ba ya ɗagawa."

"Alhamdu lillahi da ciwon baya," in ji Kamil. Ba wanda ya yi dariya.

"Goya ta aka yi. Shi ne kai biyun da Baba ya gani."

Wata daga cikin matan ta ce, "To ai 'yarka ma mace ce."

Musbahu ya ɗauki doguwar matashin kujera ya miƙa wa Zahida tare da mayafin wata. "Uwata, goya wannan."

Zahida ta dube shi, ta dubi matashin. Ta ɗora a baya tana tsaye ƙyam, ya zame. Ta sake, ta ɗaure mayafin a ciki kamar ɗamara, matashin ya faɗo ta ƙasa. Uwarta ta rasu tana ƙarama, a keken jarirai ta ga ana tura yara. Musbahu ya sha jin kunyar wannan a gaban mata. Yau yana kallo yana gode wa Allah.

"Sunkuya mana, ki kama sama tukuna," in ji Hajiya Mariamou. Maganar ta fito ne kafin ta tare ta. Hannuwanta har sun tashi zuwa ƙirjinta suna nuna yadda ake soke zani.

Musbahu ya warware shuɗin zanin ya shimfiɗa a tsakar falo. An wanke shi har ya koɗe, amma lalle ba ya jin sabulu. Tabo biyu, ɗaya a kowane gefe, inda dugadugan goyo ke bugawa.

"Hajiya, zanin wane ne?"

Ta zuba wa zanin ido. Da ta yi magana, da zanin take yi, ba da su ba.

"Mukayyif ɗin ya mutu tun satin da ya wuce. Mai gyara kullum bukra, bukra, goben da ba ta zuwa. Na sa mata fanka. Na ja sakata don kada ta fita da ƙunshi ta faɗi. Sai wata ta yi amai, na wanke ta, wani ya ɓata shimfiɗa, na canza. Na zauna in huta kaɗan, barci ya sace ni. Da na buɗe ƙofar..." Ta dubi ƙofofin tsofaffin. "In aka ce a ɗaki ta mutu, za a rufe gidan. Waɗannan ina za su? Wa zai karɓe su?"

"Sai kika ba da 'yata," in ji Musbahu.

"Na ce yarinya ce, za a yi mata faɗa a bar ta. Ban san Idi zai kai ƙara ba."

"Da kika ji zai kai fa?"



Idrisu ya ce, "Ga keke a gidan. Me ya sa kika goya ta?"

Hajiya ta ɗago tana dubansa kamar tambayar ba ta da ma'ana. "Ban yi tunani ba. Na sunkuya ne kawai. Ba ta da nauyi, Idi. Na ɗaura mata ɗankwalinta, na sa mata takalmi. Ban ja ta a ƙasa ba."

Baba Salissou ya gyaɗa kai a kekensa. "Na ce muku ba muryarta ba ce."

Idrisu ya juya wajen Zahida.  Ya ce, "Ƙanwata, ki yafe mini." Ya ɗauki zanin ya naɗe, ya ce wa Hajiya ta ɗauko abayarta, tare za su je ta faɗa da bakinta. Tsofaffin da ke leƙe daga ƙofofinsu suna kallo aka fita da ita. Ɗaya ta tambaya wa zai ba su maganin dare. Zahida ta ce ita za ta bayar.

*

Washegari da hantsi Musbahu ya zo ɗaukar Zahida a tankar. Dangin tsofaffin sun fara zuwa da akwatuna, Kamil yana cire sakatun ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a bokiti. Zahida ta hau ta zauna, suka fita daga Al-Suwaidi.

"Baba."

"Na'am, uwata. An gama. Ba inda za a kai ki."

"Ni na ɗaure mata ƙafa. Da ban yi ƙunshin ba, da ta iya tashi ta zo ƙofa ta buga, wani ya ji." Ta juyo ta dube shi. "Kai ka shiga ɗakin. Kai ba abin da ke ɓoye maka. Ta yi ƙoƙarin tashi?"

Musbahu ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Bayan ƙofar nan ya dawo masa: jan lalle a ƙasan katako, shafe bisa shafe, inda tsohuwa ta rarrafo ta kwanta ta dinga bugu da dugadugai har ledar ta yage. Tun yana saurayi a Maigatari bai taɓa faɗin abin da ƙasa ba ta faɗa ba, ko da ɓarawon ɗan'uwansa ne.

"Ba ta motsa ba," in ji shi. "A kan gadonta barci ya ɗauke ta, ƙafarta da sanyin lallenki."

Zahida ta sauke numfashi, ta jingina kai da gilashi, kafin su kai gada ta yi barci. Hannunta na kan cinyarta, jan lallen ya fara koɗewa a gefen farata. Musbahu ya rage gudu don kada rami ya tashe ta. A bayansa ruwan tankar yana bugun ƙarfe a hankali, bugu bayan bugu, har suka isa gida.